Ɗan Ƙwallo a Turke

A Ƙofar Kaura babu mai yi maka musu cewa Alhaji Babaji ya iya kiwon rago. Abin baƙin cikin shi ne shi ma ya sani. Shekara ashirin da 'yan kai yana sayo ƙanjamammen balami daga kasuwar Charanci, ya ɗaure shi a turke, kafin babbar Salla ya mayar da shi abin da yara ke zuwa kallo daga unguwa uku. Tun daga nan Babaji ya yanke wa kansa hukunci cewa duk mai rai da ke tafiya da ƙafa, kallo ɗaya zai yi masa ya faɗi abin da zai zama. Ya faɗi makomar ango, ya faɗi makomar kansila, har jaririn da aka miƙa masa ranar suna sai da ya matsa cinyarsa ya ce wannan direban tirela ne.

Ƙwallon kwando kuwa bai san komai a kanta ba, in ban da cewa ɗan yayarsa, Ashraf, ya haukace a kanta. Ashraf yaro ne ɗan shekara sha bakwai, dogo har sai ya sunkuya zai shiga zaure, siriri har ana ganin rigarsa na neman inda za ta rataya. A ƙungiyarsu yana buga gurbin da suke kira lamba huɗu, wato mai tsayawa kusa da kwando, ya ture, a ture shi, ya cafe duk ƙwallon da ta daki ƙarfe ta dawo. A gurbin nan yana da abokin takara, Stephen ɗan Madam Jummai ta Kambarawa, wanda bai kai shi tsawo ba amma ƙirjinsa ya yi biyun nasa.

Sai labari ya iso cewa nan da wata biyu wata koci za ta zo daga makarantar horar da 'yan wasa ta Abuja. Mutum ɗaya tak za ta ɗauka a lamba huɗu, a ba shi karatu da horo kyauta. Ko Ashraf ko Stephen. Gardama ta kaure a majalisar ƙofar shagon Malam Sammani tela, inda dattawan unguwa ke taruwa bayan la'asar su gyara duniya.

"Stephen za a ɗauka," in ji Sammani, yana taka kekensa. "Ni na auna su duka biyu. Wancan ƙato ne, naku ko sillen kara."

Babaji ya ajiye kofin shayi. "Sammani, kai mi ka sani ban da wuyan riga? Ku tahi da ni hilin. Minti biyar ya ishe ni."

Washegari majalisa ta kwashi kanta zuwa filin simintin da ke bayan wata makaranta a hanyar GRA. Koci Nu'uman, mai horar da yaran, ya tarbe su da gaisuwa mai tsawo, bai san abin da ya gayyato wa kansa ba. Babaji ya naɗe hannun babbar riga, ya sa aka tsayar masa da yaran biyu a rana.

Da Stephen ya fara. Ya zagaya shi sau biyu, ya danna masa gadon baya da babban yatsa, ya ɗaga masa ƙafa ya duba dunduniya.

"Buɗe baki."

Stephen ya dubi kocinsa. Koci ya dubi sama. Yaron mai ladabi ne, ya buɗe.

"Shi ke nan," in ji Babaji, yana goge yatsa a riga. "Wanga ya gama haƙori. Abin da kuka gani yau shi za ku gani nan da shekara goma. Yana da kyau, ban ce ba shi da kyau ba, amma ya kai inda za shi."

Ya juya kan Ashraf. Ya matsa ƙwaurinsa, ya auna wuyan hannunsa da yatsu biyu, ya sa shi ya ware hannuwa, ya ja da baya yana kaɗa kai kamar wanda ya tsinci abu a kasuwa bai son dillali ya gane.

"Ku dubi ƙashi! Ku dubi tsawon damtse! Wanga babban ɗaki ne da ba a zuba ma kaya ba. Stephen na yau ne, Ashraf na gobe ne da jibi da gata."

Koci Nu'uman ya ce, "Gaskiya Alhaji, ni ma haka nike gani. Sai dai jiki irin nashi a hankali ake gina shi, shekara biyu ko uku..."

"Shekara uku? Malam, ragon da ake ɗauko mani a cikin buhu wata biyu nike tsayar da shi. Kawo ƙwallon nan ma in gani."

Aka miƙa masa. Ya ɗaga ta da hannu biyu ya wurga. Hannun riga ya harɗe masa gwiwar hannu, ƙwallo ta daki ƙarfen kwando ta dawo da fushi, ta ɗauke masa hula ta tafi da ita. Yara suka toshe baki.

"Ƙarfen nike gwadawa," in ji Babaji. "Yana da kyau."

Samun yaron bai zo masa da sauƙi ba, domin sai ta hannun uwarsa, Hajiya Rabi, wadda ta yi shekara talatin tana koyarwa a firamare kuma har yau kallon ɗan aji biyu take yi wa ƙanenta.

"Babaji," ta ce, "tun rasuwar ubanshi yaron nan ba shi da wani buri sai wannan. Gurbi ɗaya ne. In ya wuce shi, ban san ranar da wani zai zo ba."

"Shi ya sa na zo, Yaya. Ki ba ni shi wata biyu. In matar nan ta gan shi ba ta miƙe tsaye ba, ki canza mani suna."

"Sunanka ba ya da amfani gare ni. Ɗana nike so ya samu."

Da Ashraf ya ƙi, da maganar ta mutu a nan. Amma Ashraf yana da ciwon da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Kullum a ƙarƙashin kwando Stephen kafaɗa ɗaya yake sa masa ya tsinci kansa a waje, 'yan kallo suna dariya. Da ya ji kawunsa ya ce zai ba shi ƙirji a wata biyu, sai ya ɗauki jakarsa da kansa. Aka aika wa Koci Nu'uman cewa yaro ya shiga horo na musamman, kada a neme shi.

Babaji ya share masa rumfar da ke tsakar gida, daura da turken ragonsa na bana, wani balami mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira Kwamanda. Ya shimfiɗa katifa, ya kafa doka uku.

"Ci. Kwanciya. Ba gudu."

"Kawu, ba gudu? To atisaye fa?"

"Ka taɓa ganin ragon layya yana atisaye? Gudu shi ke narkar da dabba. Duk abin da ka ci da sahe, in ka yi gudu, ƙasa ka ba."

Da safe koko da ƙosai da kunun gyaɗa. Da hantsi fura da nono an marmasa ƙuli-ƙuli a ciki. Da rana tuwo malmala biyar, miya tana ninƙaya a man shanu. Bayan la'asar dambu. Tsakanin waɗannan kuma akwai abin da Babaji ke kira taɓa-baki, wanda a gidan wani shi ne abincin rana. Geron da ƙulin da aka tanadar wa Kwamanda duk suka koma ƙwaryar Ashraf, rago yana tsaye yana kallon rabonsa na wucewa ta gaban hancinsa.

Hajo, matar Babaji, ta gaji da daka ta fito riƙe da taɓarya. "Alhaji, wai ɗan mutum ne wanga ko yanka shi za a yi?"

"Ke dai zuba mai."

"Shi kuma wancan bawan Allah da ke turke, wa zai ba shi?"

"Kwamanda ya yi haƙuri. Yana da ajiya a jiki."

A kwana na biyar cin Ashraf ya ragu, sai Babaji ya yi abin da yake yi wa duk ragon da ya ƙi ci, ya jiƙa masa jar kanwa cikin kwano ya tsaya a kansa har ya shanye. Abin da ya biyo baya ba na faɗa a cikin mutane ba ne. Ya isa a ce yini biyu Ashraf ya karya dokar hana gudu tsakanin rumfa da bayan gida, Babaji yana bin sa da kira, "A hankali! Taka a hankali, kana zubar mani da aiki!" Maƙwabta suka yi ta aiko da sannu. Wata tsohuwa ta aiko tambaya ko amai da gudawa ne ya shigo unguwa, a faɗa mata ta kwashe jikokinta.

Da cikin ya lafa kuwa, sai ci ya buɗe, kuma a nan ne dole a ba Babaji haƙƙinsa: mutumin ya iya sa nama. A mako na uku kumatu suka fito. A na huɗu wuya ya yi gammo. Ranar Juma'a bayan masallaci ya tasa yaron zuwa rumfar Mudassir mai hatsi, inda ake rataye buhu a sikeli mai ƙugiya, domin Babaji bai yarda da sikelin asibiti ba. Aka sa Ashraf ya zauna cikin buhu, ƙarti biyu suka ɗaga shi suka rataya, ƙafafuwansa suna jan ƙasa, sai da aka ce ya naɗe su. Jama'a ta taru.

"Karanta da ƙarhi, Mudassir, Sammani ya ji!"

Mudassir bai kai ga karantawa ba, azarar rumfar ta ce ƙaras. Buhu da yaro da sikeli suka sauko kan tiren wake.

Babaji ya juya ga jama'a fuska cike da annuri. "Kun gani? Wata guda da ya wuce ko igiyar shanya sai ta ɗauke shi."

Sammani tela shi ya fi kowa shan wahala, domin sau uku ana kawo masa gajeren wandon wasan Ashraf ya buɗe shi. A karo na uku ya ɗaga wandon ya duba ta rana.

"Babaji, babu sauran yadi a ciki. Abin da ya rage sai dai in ɗinka mashi zane."

"Hassada ce ke cin ka."

"Ni dai abin da na sani, masu wasan nan tsalle suke. Yaushe rabon yaron da ya ɗaga ƙahwa?"

"Ranar da zai ɗaga, ƙasa za ta ji."

Ashraf kansa ya fara shan jinin jikinsa. Wata safiya Babaji ya dawo daga masallaci ya tarar da shi a bayan rumfa yana buga ƙwallo a ɓoye, yana haki. Ya ƙwace ƙwallon ya cilla ta kan soro, ya kwashe takalman wasan ya kulle a akwatin da ya dawo da shi daga Makka, ya rataya makullin a wuya.

"Kawu, jikina ya yi mani nauyi. Wallahi ko ruku'u sai na yi nishi."

"Alhamdu lillahi. Nishi shi ne alamar aiki ya kama."

Duk wannan lokaci babu mai tuna Kwamanda. Rago ya ci harawar da ta rage, ya ci tabarmar alwala, ya ci rabin zanen Hajo da ke shanya, a ƙarshe ya ci igiyar da aka ɗaure shi da ita ya fita. Aka yi daidai Stephen yana wucewa, domin kullum da sassafe yakan taso daga Kambarawa da gudu yana buga ƙwallo a kwalta har fili. Me Kwamanda ya gani a ƙwallon nan, Allah kaɗai ya sani. Ya dai ja da baya, ya sunkuyar da kai, ya taho.

Bayan kwana uku Stephen ya yi sallama a ƙofar gida, ya durƙusa ya gaida Babaji, gwiwarsa ɗaure da bandeji.

"Baba, don Allah ragonka yana bi na kowace safiya. Jiya har bakin makaranta ya raka ni."

"Yana bin ka? Da gudu?"

"Sosai, Baba. Gumi har cikin takalmi."

Idon Babaji ya yi haske. Ya ba yaron haƙuri da baki mai daɗi, ya ce za a duba. Yana shiga gida ya kama rawa a tsakar gida har Hajo ta leƙo.

"Allah ya kawo mani rabin aikin har gida! Nawa yana cika, nasu yana narkewa. Hajo, daga yau kada a sake rufe ƙyauren nan da sahe."

"Alhaji, ka ji tsoron Allah. Ɗan mutane ne."

"Ni na aike shi? Tsakaninshi da rago ne."

Haka aka yi mako huɗu. Kowace safiya Babaji yana leƙe ta kafar ƙyaure yana murmushi, Stephen yana fama. Da farko gudu kawai yake yi. Daga baya ya gane rago ba ya iya juyawa da sauri, sai ya koyi tsayawa ya ba shi baya, ya kare ƙwallo da ƙugu, in kan ya iso ya murɗe ta hagu ya bar shi yana tunkuyin iska. Masu shayi da masu kai yara makaranta suka fara tsayawa kallo, har da tafi. Babaji yana jin tafin yana cewa a ransa Kwamanda ake yi wa.

Ranar gwaji fili ya cika. Majalisar Sammani ta zo da bencinta. Madam Jummai ta zo da matan cocinsu. Hajiya Rabi ta zauna a gaba riƙe da carbi, wata biyu ba ta ga ɗanta ba, domin Babaji ya ce idon uwa yana hana kiwo kamawa. Baƙuwar, Koci Happiness, doguwar mace ce mutuniyar Jos, da usur a wuya da waya a hannu, ba ta da alamar son ɓata lokaci.

Sai ga napep ta tsaya, ta karkata gefe guda. Babaji ya fito cikin shadda mai ƙyalli, ya buɗe lema, sannan ya fito da Ashraf lulluɓe cikin babbar riga. Ya jawo shi tsakiyar fili a hankali, yana kare shi daga rana.

"Jama'a, salamu alaikum! Wata biyu da suka wuce na ce maku wani abu a wurin nan. Yau ga shi."

Ya yaye rigar.

Carbin Hajiya Rabi ya tsaya. Koci Nu'uman ya dafe kai da hannu biyu. Daga can baya wani ya ce, "Tubarkalla," amma da muryar da ake faɗar ta a kara, kasuwar dabbobi.

Koci Happiness ta dubi wayarta, ta dubi Ashraf, ta sake duban waya. "Koci Nu'uman, ina yaron da ka turo mini bidiyonsa? Siririn nan mai tashi sama?"

"Shi ne wannan, ranki ya daɗe."

"A'a, ba yayansa nake nema ba."

"Shi ne dai."

Babaji ya matso yana gyara hula. "Aikina ne, Madam. Wata biyu kacal. Taɓa nan ki ji, taɓa gadon bayan."

Ba ta taɓa ba. Ta busa usur.

Abin da ya biyo baya ya ba mutane dariya, amma ni dai tausayi ya fi yawa a raina. Aka jefa ƙwallo sama, Ashraf ya yi tsalle da dukan zuciyarsa, ƙafarsa ba ta bar ƙasa da abin da ya wuce kaurin littafi ba. Ya je ƙarshen fili ya dawo sau biyu, a na uku ya tsaya a tsakiya dafe da gwiwa, bakinsa a buɗe. Sau ɗaya ƙwallo ta same shi a tsaye, ya sake ta da yatsun nan nasa masu laushi ta faɗa kwando ko ƙarfe ba ta taɓa ba, Koci Happiness ta girgiza kai kamar wadda aka yi wa ɓarna a gona.

Stephen kuwa ya zama wani abu daban. Ya karɓi ƙwallo ya ba Ashraf baya, ya jira ya ji nauyi ya taho, ya murɗe ta hagu ya zuba. Ya sake, ya zuba. A karo na uku Ashraf ya yunƙura ya bi shi, sai wandon da Sammani ya yi gargaɗi a kansa ya faɗi ra'ayinsa da babbar murya.

"Ban ce ba?" in ji Sammani. "Ba ɗinkina ba ne, yadi ne ya ƙare."

Babaji yana gefen fili yana ihu. "Ka daina bin shi! Tsaya wuri ɗaya ya zo ya same ka! Madam, ai ba a auna su haka ba, a kawo sikeli!"

Bai rufe baki ba aka ji mata sun watse ta bakin ƙofa. Ran nan Babaji ya ɗaure Kwamanda da sabuwar igiya, ya manta cewa Kwamanda ya riga ya san ɗanɗanon igiya. Rago ya biyo hanyar da ya saba bi kullum, ya jiyo ƙarar ƙwallo, ya shigo. Jama'ar Ƙofar Kaura suka ga ragon Alhaji Babaji na bana, wanda ake jiran gani ranar jajibiri: haƙarƙari a waje ana iya ƙirgawa, ƙugu ya tsuke, ba abin da ya rage sai ƙaho da mugun nufi.

Ya nufi Stephen. Stephen ko a jikinsa, ya ba shi baya, ya murɗe, rago ya wuce. Sai dai a murɗawar ƙwallo ta kuɓuce, ta yi tsalle biyu ta faɗa hannun Babaji, shi kuma ya rungume ta bai san dalili ba.

"Jefar, Baba! Jefar da ita!" in ji Stephen.

Babaji bai ji ba. Ya ga ƙaho ya taho, ya tattare shadda, ya zuba da gudu da ƙwallo a ƙirji. Gudun da ya hana Ashraf wata biyu shi ya biya shi a minti biyu. Ya zagaya fili sau ɗaya, hula ta tafi. Ya zagaya na biyu, takalmi ya tafi, makullin akwatin Makka yana dukan ƙirjinsa. "Kwamanda! Ni ne! Ni ne mai gidanka!" Kwamanda ya san shi sarai, shi ya sa ma ya ƙara mai.

A zagaye na uku Ashraf ya taka ya tsaya a hanya. Rago ya dake shi a cinya ya ji kamar ya daki buhun gero, ya yi taga-taga, Ashraf ya kama ƙaho ya zauna a kansa. Kwamanda ya yi kuka ɗaya ya sallama. Babaji bai tsaya ganin haka ba, sai da ya dare katangar makaranta ya zauna a kai, ƙafa ɗaya ba takalmi, har yanzu rungume da ƙwallo.

Da ƙura ta lafa, Koci Happiness ta kira yaran biyu tsakiya.

"Stephen, wa ya koya maka wannan juyi?"

Stephen ya nuna katanga. "Ragon Baba ne, Ma. Baba, na gode. Allah ya saka."

Dariya ta tashi har da masu faɗuwa daga benci. Ta ɗaga hannu aka yi shiru.

"Zan faɗa muku gaskiya. Ashraf na zo ɗauka, sunansa ma na rubuto a takarda. A bidiyon da na gani Stephen ya fi shi ƙarfi, amma mu ba yau muke dubawa ba. Tsawon nan da hannun nan da saurin nan, nan da shekara biyar da ya wuce Stephen nesa. Ƙarfi mu muke gina shi, a hankali. Sirantarsa ba ta dame ni ba ko kaɗan. Amma yaron da ba ya iya zuwa ƙarshen fili sau uku, ba zan kai shi Abuja ba. Stephen, ka shirya kayanka. Ashraf, in ka dawo yadda kake, a turo mini sabon bidiyo baɗi. Ban yi alkawarin akwai gurbi ba."

Matan coci suka ɗauki guɗa. Kuma a cikin guɗar ne aka ji murya daga kan katanga.

"Kun ji ko? Kun ji da kunnenku! Sammani, ka ji? Nan da shekara biyar! Abin da na hwaɗa ke nan ranar da na duba su! Daga Abuja aka zo aka tabbatar. Idona bai taɓa ƙarya ba!"

Ashraf yana tsaye an ɗaura masa babbar riga a ƙugu, zufa da hawaye sun haɗu a kumatun da ba nasa ba. Ya ɗaga kai ya dubi katanga.

"Gaskiya ne, Kawu. Ni aka zo ɗauka."

Hajiya Rabi ta miƙe, ta sa carbi a jaka, ta taka har gindin katanga ba ta sauri.

"Sauko."

"Yaya, bari in yi maki bayani..."

"Na ba ka ɗan wasa ka maido mani rago, ragonka kuma ka maishe shi ɗan wasa. Sauko, Babaji. Ba ni makullin nan."

Ya sauko.

Sallar bana dai ba wanda ya je kallon rago a gidan Babaji, domin babu abin kallo, kuma Hajiya Rabi ta hana a yanka Kwamanda, ta ce yana da aiki. Duk wanda ya bi hanyar GRA da sassafe yanzu zai gan su a jere: Ashraf a gaba yana buga ƙwallo, ƙibarsa ta fara zubewa, Kwamanda a bayansa, sai Alhaji Babaji a can ƙarshe riƙe da igiya, ana jan sa, harshe a waje. Hajiya Rabi tana biye a napep, ta ce ba ranar hutu sai ranar da aka kira daga Abuja, in an kira.

Rannan sun zo wucewa ta ƙofar shago, Sammani ya ɗaga kai daga keke.

"Alhaji, a hankali dai! An ce gudu na narkar da dabba!"

Babaji ya buɗe baki zai rama, igiya ta fizge shi ya yi gaba.